GAYYAR AWA 48: Tarihin haɗa gem cikin kwana biyu, da abin da ya shafi mu mutanen Guri

Yau daga gida Guri nake magana. Idan kun ji ƙarar janareto a bayan muryata ku yi haƙuri, na maƙwabcinmu mai cajin waya ne, kuma nan gaba kaɗan za ku ji yadda ya shigo cikin labarin.

Bari in fara da tambaya. Ɗauko wayarka ka ƙirga, gem nawa ne a ciki? Wani zai ce Ludo, wani Free Fire, wani PUBG, wani kuma ƙwallo yake bugawa har a kira asuba. To a cikinsu wanne ne ɗan Jigawa ya haɗa? Wanne ne za ka ga kwalekwale a ciki, ko fadama, ko mai kamun kifi da koma? Amsar kun san ta. Mu ne masu saye, mu ne masu ƙona data, amma a wajen haɗawa ba a ganin ƙeyarmu.

Shi ya sa yau na ɗauko tarihin wata al'ada ta masu haɗa gem a duniya, wadda Turawa suke kira game jam. Ni dai da Hausa gayyar gem nake ce mata, kuma ga dalilina.

Duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu ya san gayya. Mutum ne gona ta fi ƙarfinsa, ciyawa ta taso masa, sai ya bi gida gida ya gayyaci samari. A sa rana. Matan gida su dama fura da kunu, a tuƙa tuwo. Da sassafe a faɗa gona da fartanya, wani lokaci har da mai ganga yana zuga su. Kafin azahar, aikin da zai ci mutum ɗaya sati biyu an share shi. Ba wanda ake biya ko sisi. Ladanka abincin da ka ci, da sanin cewa ranar taka gayyar su ma za su zo.

To ita ma gayyar gem haka take. A sa rana, a ƙayyade lokaci, galibi awa 48 ko 72. Daidai lokacin farawa sai a sanar da jigo, kalma ɗaya ko gajeruwar jimla, wadda ba wanda ya san ta kafin nan. Mutane su rarrabu rukuni rukuni: wannan ya iya rubuta umarnin kwamfuta, wannan zane ya iya, wannan sauti, wannan kuma shi ne mai tsara dokokin wasan. Kafin agogo ya cika dole su fito da gem da wani zai iya bugawa. Ya yi kyau ko bai yi ba, lokaci na cika a ajiye fartanya. Ita kalmar jam ɗin daga wajen makaɗan jaz na Amurka aka aro ta, waɗanda sukan haɗu bayan an tashi daga aiki, kowa ya ɗauko kayan kiɗansa su yi ta kaɗawa ba tare da sun shirya komai ba.

Yanzu ina abin ya samo asali?

A farkon shekarun 2000, sana'ar haɗa gem ta riga ta zama ta manyan kamfanoni. Gem ɗaya sai ya ci shekaru ana aikinsa, ma'aikata da yawa, kuɗi miliyoyin dala. Kun san halin mai kuɗi, idan ya zuba dukiya mai yawa ba ya son kasada. Abin da ya sayu bara shi za a sake yi bana, a canza masa riga kawai. Wasu masu haɗa gem abin ya ishe su. Biyu daga cikinsu, Chris Hecker da Sean Barrett, suka kira abokansu a jihar Kalifoniya ta Amurka, daga 15 zuwa 18 ga Maris na 2002. Sun riga sun tanadi wata manhaja da za ta iya nuna ƙananan mutane har 100,000 a fuskar kwamfuta lokaci guda, suka ce wa baƙin nasu: ga shi nan, kowa ya ga abin da zai iya yi da shi. Mutum 14 ne suka zo, cikin kwana huɗu suka fito da gem 12. Wannan zama shi ake kira Indie Game Jam, kuma shi ake ɗauka a matsayin mafarin wannan al'ada.

Wata ɗaya bayan haka, a Afrilun 2002, wani mai suna Geoff Howland ya fara wata gayyar ta intanet mai suna Ludum Dare. Sunan da Latin ne, ma'anarsa ba da wasa. Wannan ba sai ka je ko'ina ba, kana ɗakinka za ka shiga. Masu shiga su ne suke zaɓen jigo ta hanyar ƙuri'a, kuma su ne suke buga gem ɗin junansu su ba da maki bayan an gama. Ba kyautar kuɗi. Manyan ɓangarorinta biyu ne: na mutum ɗaya shi kaɗai cikin awa 48, da na rukuni cikin awa 72. Shi kansa Markus Persson, wanda ya ƙirƙiri Minecraft, ya sha shiga wannan gayya.

A Janairun 2006 aka fara wata a birnin Kopenhagen na ƙasar Denmak, ana ce mata Nordic Game Jam. Ita wannan ta ƙarfafa haɗa baƙi da baƙi, ɗalibi da ƙwararre, mutanen da ba su taɓa ganin juna ba su wayi gari suna rukuni ɗaya. Daga ganin yadda ta yi armashi ne mutum uku, Susan Gold da Gorm Lai da Ian Schreiber, suka ce me zai hana a yi wannan a duk duniya a ƙarshen mako ɗaya? Haka aka haifi Global Game Jam. An yi ta farko daga 30 ga Janairu zuwa 1 ga Fabrairun 2009, mutum wajen 1,650 a wurare 53 cikin ƙasashe 23, suka haɗa gem 370. Jigon wannan shekarar har yanzu yana ba ni dariya, don kamar da gidan yawa na Bahaushe ake: wai matuƙar muna tare da juna, ba za mu taɓa rasa matsala ba.

Zuwa Janairun 2020, masu shiga sun haura 48,000 a ƙasashe 118, gem ɗin da aka haɗa kuwa sun wuce 9,000 a ƙarshen mako ɗaya tak. Jigon shekarar shi ne gyara. Da annobar korona ta zo, ta 2021 a intanet aka yi ta baki ɗaya, kowa yana gidansa.

Wani zai ce, to me za a iya haɗawa na kirki cikin kwana biyu? Ga misalai.

A Janairun 2013 jigon Global Game Jam ba kalma ba ce, sautin bugun zuciya aka saka wa mutane. Wasu mutum huɗu a kamfanin Bossa Studios na Landan suka haɗa gem na barkwanci inda kai ne likitan da zai yi dashen zuciya, amma hannunka ba ya jin magana, sai ɓarna kake yi. Shi ne Surgeon Simulator, wanda daga baya aka faɗaɗa shi ya zama kayan kasuwa da aka saya a duk duniya.

A shekarar dai, wasu samari a ƙasar Ostareliya suka shiga Ludum Dare da wani ƙaramin gem mai suna Hungry Knight. Bai samu karɓuwa ba ko kaɗan. Amma ba su yar da ɗan ƙwaron da suka zana a matsayin jarumin wasan ba. Shekara huɗu bayan nan, a 2017, suka fito da Hollow Knight, wanda miliyoyin mutane suka saya.

A 2015, Maddy Thorson da Noel Berry suka haɗa wani ɗan gem na hawan dutse cikin kwana huɗu. Shi ne ya girma ya zama Celeste a 2018. Sai kuma wanda sunansa zai ba ku dariya, Baba Is You. Ba babanku ake nufi ba. Wani matashi ɗan ƙasar Finlan, Arvi Teikari, shi ya haɗa shi a Nordic Game Jam ta 2017. A wannan gem, dokokin wasan rubuce suke a fili kamar tubali, kana iya tura su ka canza su. Idan doka ta ce bango yana tare hanya, sai ka ture kalma ɗaya, ka wuce ta cikin bangon abinka. Ya lashe gasar, cikakkensa ya fito a 2019.

Amma fa kar in yi muku daɗin baki. Waɗannan su ne 'yan ƙalilan da suka yi suna. Dubban gem ɗin da ake haɗawa a kowace gayya, mafi yawansu daga ranar ba wanda zai sake buɗe su. Wanda ya shiga don ya yi kuɗi ranar Litinin, gara ya je ya kama wata sana'ar. Kuma al'adar tana da nata aibin: mutane su kwana biyu ba barci, suna ɗirkar kofi, har wasu suna ganin hakan jarumta ne. Masu shirya gayyar da kansu yanzu suna jan kunne a kan a riƙa hutawa. Ribar gaskiya ita ce ka fara abu ka gama shi. Mu nawa ne a nan muke da littafin da muka fara rubutawa tun muna aji biyu a jami'a, ko sana'ar da kullum sai shekara mai zuwa? Agogon gayya ba ya jin uzuri.

Mu dawo Afirka. A 2009, Eyram Tawia ɗan Gana da Wesley Kirinya ɗan Kenya suka kafa kamfanin da yanzu ake kira Leti Arts, suna haɗa gem daga tatsuniyoyi da jaruman Afirka, har da Ananse, wanda shi ne Gizonsu na can. A Kamaru, Olivier Madiba da abokansa na Kiro'o Games a Yawunde sun yi shekaru suna fama da ɗaukewar wuta kafin su fito da Aurion a 2016. A nan gida, Hugo Obi ya kafa Maliyo Games a Legas a 2012, suka yi gem na kashe sauro, da na ɗan acaɓa, da wani mai suna Aboki Run. Ku lura da wannan sunan. Aboki kalmarmu ce, amma a Legas aka haɗa gem da ita. Ban ga laifinsu ba ko kaɗan, sun ga fili ne suka yi shuka. Mu da muke da kalmar, muna ina?

Idan kuma wani zai ce ai su suna birni, suna da wuta da kwamfuta, to ga labarin Lual Mayen. Ɗan Sudan ta Kudu ne, a sansanin 'yan gudun hijira a arewacin Yuganda ya tashi. Mahaifiyarsa ta yi shekara uku tana tara kuɗin ɗinki har ta saya masa kwamfutar tafi-da-gidanka ta dala 300. Tafiyar awa uku yake yi a ƙasa kafin ya samu inda zai yi mata caji. A haka ya koya wa kansa, ya haɗa gem mai suna Salaam a kan zaman lafiya. A 2018 aka karrama shi a babban bikin The Game Awards a Amurka. Ni dai tun da na ji labarin nan na daina cewa rashin wuta ne ya hana ni.

To me ya haɗa duk wannan da Guri?

Mu mutanen ruwa ne. Kogin Kano da na Challawa su ne suke haɗuwa su zama kogin Hadejia. Idan ya wuce garin Hadejia sai ya rarrabu hannu hannu cikin fadama, wani ya bi Marma ya nufi tafkin Nguru, sauran su gangara su haɗu da kogin Jama'are wajen Gashuwa, daga nan sunansa ya koma Yobe har Tafkin Chadi. A zamanin kakanninmu ruwan yana da lokacinsa. Da damina ya cika ya malale fadama, kifi ya hayayyafa, a shuka shinkafa. Da rani ya janye, manomi ya bi danshi ya yi shuka, makiyayi ya sauko da shanu. Kowa ya san lokacinsa.

Sai aka gama madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka kuma gama ta Challawa a 1992. An yi su ne don noman rani da ruwan sha na Kano, kuma sun yi wannan amfanin. Amma a nan ƙasa, tsarin ruwan ya canza. Kogin da yake bushewa da rani ya koma yana gudana kusan duk shekara, babbar ambaliyar damina mai wanke hanyoyin ruwa kuma ta ragu. Wannan shi ne abin da kachala take so: ruwa mara zurfi da ba ya ƙafewa. Ta bazu, ta riƙe yashi da laka, ta toshe hanyoyin ruwa. Sakamakon haka wani gari ruwa ya cinye masa gonaki, wani garin kuma a gefe yana neman ruwan ido rufe. Tsuntsayen jan-baki suka samu maɓoya a cikinta, su fito da safe su faɗa wa shinkafa da gero. Wanda ya ga ambaliyar 2022 a Jigawa ba sai an yi masa dogon bayani ba. Duniya ta san darajar wannan fadama, tun 2000 aka sa tafkin Nguru da Marma cikin jerin dausayi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Kun ga wannan matsala ta ruwa, irin wadda gem ya fi iya bayyanawa ce. Dalili kuwa, a jawabi ana gaya maka ne, a gem kuwa kai ne za ka yanke shawara ka ga abin da ya biyo baya. Kuma an taɓa gwadawa. Wajen shekarar 2000, wani malami a Jami'ar East Anglia ta Ingila, Bruce Lankford, ya ƙirƙiri wani wasa da ba ya buƙatar wuta ko kwamfuta. Allo ne mai gangare da aka yi wa hanya kamar kogi, a sako 'yan ƙwallayen gilashi daga sama a matsayin ruwa, kowane ɗan wasa ya sa ɗan itace ya karkato su zuwa gonarsa. Na sama ya kwashe, na ƙasa ya tashi hannu rabbana. An buga shi da manoma a Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kuma bayan an yi dariya sai a zauna a yi maganar gaskiya a kan rabon ruwa.

Mu ma fa ba baƙin tsara wasa ba ne. Wanda ya fara haƙa ramukan dara a ƙasa, ya ce kowa 'ya'ya goma sha biyu, wanda ya jera uku ya ci ɗaya na abokin karawarsa, ai mai tsara gem ne, sunansa ne kawai ba a rubuta ba. Haka langa, haka carafke. Dokoki ne aka gwada, aka gyara, aka sake gwadawa a dandali har suka zauna.

Yanzu bari in ba ku nawa labarin, don kar ku ce ina tura mutane rafin da ban shiga ba.

Da ranin da ya wuce, mu huɗu muka shiga wata ƙaramar gayya ta intanet ta awa 72. Ni, da abokina da ya karanta kimiyyar kwamfuta, da wani ƙanenmu mai haɗa sauti a waya, da ƙanwata da take zane a takarda. Kwamfuta ɗaya gare mu, batirinta ba ya wuce awa biyu. Jigon da aka bayar, idan na fassara shi, shi ne: ya yi yawa. Muna gani muka kalli juna, kowa ya ce kachala.

Ranar farko a gardama ta ƙare. Ni ina so a sa manomi da makiyayi da masunci da jan-baki da madatsar ruwa, har da ɗan siyasa mai zuwa da alƙawari. Abokina ya bar ni na gama zuba, sannan ya ce: “Malam, awa 72 aka ce, ba shekara 72 ba.” Da ƙyar na haƙura. Muka yanke komai, ya rage kwalekwale ɗaya, lauje ɗaya, da hanyoyin ruwa uku masu zuwa ƙauyuka uku. Kana yanke kachala a hanya ɗaya, tana tsirowa a sauran. Idan ka bar hanya ta toshe, ƙauyen da ke sama ya nutse, na ƙasa ya bushe. Ba yadda za a yi ka ceci duka ukun kai kaɗai.

Rana ta biyu a shagon mai cajin waya muka yini, kwamfuta a kan benci, muna biyan kuɗin caji kamar na waya biyar. Ƙanwata tana gida tana zana kwalekwale da biro, ta ɗauki hoto ta turo. Ƙanenmu ya je bakin ruwa ya naɗo ƙarar filafili da kukan kwaɗi.

Da yamma kawuna ya biyo ta wajen. Masunci ne, ya haura sittin, bai taɓa buga gem ba a rayuwarsa. Na ce: “Kawu, ku zo ku gwada abin da muke yi.” Ya zauna, na nuna masa inda zai danna. Ya yanke kachala sau biyu sau uku, ya ga ta ɓace, sai ya ture kwamfutar ya ce: “Kai yaro, wa ya gaya muku haka ake yi? In ka sare ta a saman ruwa, aski ka yi mata, kwana kaɗan za ta dawo ta fi da. Sai ka shiga ruwan ka yanke ta a ƙasa, ruwa ya rufe kututturen, sannan take mutuwa.” Wallahi kunya ta kama ni. Ni da digirina, ɗan garin nan, ban san wannan ba. A daren muka canza dokar wasan: yankan sama yana da sauri amma tana dawowa, yankan ƙasa yana cin lokaci da ƙarfi amma hanya tana daɗewa a buɗe. Wannan gyaran na kawu shi ne ya mayar da abin wasa na gaske, don yanzu dole ka zaɓa.

Rana ta uku netwok ya ce bai san zancen ba. Saura minti arba'in a rufe, muna tsaye a kan tudu muna ɗaga waya sama kamar masu roƙon ruwa. Sau uku yana katsewa. A na huɗu ya shiga, da kuskurensa da komai, domin idan ka matsa gefen hagu da ƙarfi, kwalekwalen yana hawa tudu ya ci gaba da tafiya a kan gona kamar Keke Napep. Ba mu zo na ɗaya ba, ba mu zo na hamsin ba. Amma mutanen da ba su taɓa jin sunan Jigawa ba sun zauna sun yi minti goma suna ƙoƙarin hana ƙauyukanmu nutsewa, har wani daga cikinsu ya tambaye mu ko da gaske akwai irin wannan ciyawa. Na daɗe ina yawo da takardun koke a kan kachala daga ofis zuwa ofis, ban taɓa samun wanda ya saurare ni minti goma cur ba.

Na san akwai masu cewa gem ɓata lokaci ne, wasu iyayen ma da sun ji kalmar sai su tuna caca. Suna da hujjarsu, don mun ga samarin da cacar ƙwallo ta waya ta cinye musu jari. Amma a bambanta mai zuba kuɗi yana jiran sa'a da mai zama ya ƙera abu. Wanda ya haɗa gem ya koyi lissafi, ya koyi zane, ya koyi rubuta umarnin kwamfuta, ya koyi aiki da mutane, ya kuma koyi yanke son ransa saboda lokaci. Ko bai sake haɗa gem ba har abada, waɗannan suna nan tare da shi.

Ga mai son gwadawa, ga abin da na koya. Na farko, ba a fafe gora ranar tafiya: ka sauke manhajar da za ka yi aiki da ita, ka koyi abubuwan farko tun kafin ranar. Godot kyauta ce, wasu 'yan Ajantina biyu ne suka fara ta, suka sake ta ga kowa a 2014, kuma tana da wadda take aiki a wayar Android. Akwai GDevelop da Pocket Code da za ka iya haɗa gem da su ba tare da ka iya rubuta umarni mai wuya ba. Akwai Scratch don ƙannenmu, akwai Twine ga mai son gem na labari zalla, inda mai karatu yake zaɓen hanyar da labarin zai bi. Marubutanmu mata masu rubuta littafi a waya, wannan taku ce. Na biyu, duk abin da ka tsara, raba shi biyu ka yar da rabi, sannan ka sake raba ragowar. Na uku, ka tura aikinka awa biyu kafin a rufe, don netwok ɗinmu ba ya da alƙawari. Na huɗu, ka kai wa dattijo ya gwada. Na biyar, ka yi sallah a kan lokaci, ka ci abinci, ka yi barci. Gem ba zai gudu ba.

Kuma ba dole sai da kwamfuta ba. Kwali da biro da 'ya'yan tsamiya sun isa a haɗa wasa. Global Game Jam a ƙarshen Janairu ake yin ta kowace shekara, lokacin an gama girbi, sanyi ya sa kowa yana gida. A shafin itch.io kuwa kusan kullum akwai wata gayyar da take gudana, kyauta. Masarautar Hadejia ƙananan hukumomi takwas ce: Hadejia, Guri, Kiri Kasamma, Birniwa, Malam Madori, Kaugama, Auyo da Kafin Hausa. A ce a cikinsu duka ba za a samu matasa ashirin, maza da mata, da za su zauna a aji ɗaya na kwana biyu da sola ɗaya ba? Iyayenmu suna shiga ruwa har wuya su yi gayyar yanke kachala, ga sauro ga matsattsaku. Tamu gayyar a inuwa za a yi ta.

Kawu dai har yau idan ya gan ni sai ya ce: “Yaya, kun gyara jirgin nan naku mai tafiya a tudu?” Ban gyara ba tukuna. Na ce masa sai gayya ta gaba, kuma ya yi alƙawarin zai zo, da sharaɗin a sa masa kifi a ciki.

Nan za mu dakata a yau. Wanda ya amfana ya tura wa abokinsa mai kwana yana buga gem, ya ce masa an gaishe shi. Allah ya kiyaye mana garuruwanmu daga ambaliya, ya sa albarka a abin da muke nomawa da abin da muke kamawa. Sai mun haɗu a shiri na gaba.